Wuƙar Fiɗa Daga Tsohon Sifirin

Ni ba ɗan gidan maƙera ba ne. Noma muka gada, ni kuma kimiyya nake koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi. Da girmana sha'awar ƙira ta kama ni, Asabar da Lahadi da lokacin hutu nake ba ta. Masu gado suna ce wa irinmu 'yan haye, ban kuma ga laifinsu ba, don abin da ɗan maƙera ya sha tun yana ƙarami a gindin zuga-zugi, mu sai mun bi shi da tambaya da karatu kafin mu kama bakin zarensa.

Wata tambaya da ta daɗe tana damuna ce ta sa na ƙera wuƙa. Duk shekara idan Babbar Sallah ta zo mukan sayi wuƙar maƙera a kasuwa, kafin a gama fiɗar rago ɗaya an mayar da ita dutse ya fi a ƙirga, wani lokaci ma da ta taɓa ƙashi sai bakin ya lanƙwashe. Sai ka ji ana cewa ai maƙeran yanzu ba su iya aiki ba, gara ta kanti. Maganar ba ta kwanta mini ba. Wanda zai ƙera laujen da zai yanke shinkafar fadama kaka guda, ya ƙera gatarin da zai sari ƙirya bai dakushe ba, ba za a ce wuƙa ta gagare shi ba. Na so in bi aikin da hannuna in ga inda cikas ɗin yake, ko a ƙarfen, ko a wutar, ko a hannun mai ƙira.

Akwai wani dattijo wajen Maƙerar Gandu da nake zama wurinsa tun da na fara. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake kirana duk da ya isa ya haife ni. A wurinsa na koyi ƙusa da ƙugiya da fartanya. Ranar da na kawo maganar wuƙa sai ya ajiye awartaki ya dube ni.

"Malam, mi za ka yi da yuƙa?"

Na ce, "Fiɗa, Baba. Wadda za ta gama rago ba a kai ta dutse ba nake so."

Ya ce, "To, in ta hiɗa ta, babu laihi. Zamanin ga ba kowa aka ƙera ma ƙarhe mai tsini ba."

Na fahimce shi sarai. A halin da yankinmu yake ciki, ba ya karɓar aikin doguwar wuƙa daga fuskar da bai sani ba, ni ma na ɗauki wannan ƙa'ida. Abin da na ƙera na gida ne, a gida yake zama.

Aikin ya fara ne a wurin 'yan gwangwan. Ƙarafa sun yi tarayya a suna amma kowanne da halinsa, kuma abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa. Rodin gini da falankin ƙarfe da ganga, kabon ɗinsu yawanci bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, duk yadda ka gasa su ka tsoma a ruwa ba za su yi taurin da zai riƙe kaifi ba. Sifirin ɗin mota kuwa, irin mai ganye-ganyen nan da ke ƙarƙashin a-kori-kura da motocin kaya, galibi da ƙarfe mai kabon wajen kashi 0.6 ake yin sa, da ɗan kuromiyam a ciki, irin wanda masana'antun Amurka suke yi wa lamba 5160. Tsohon magagari, wato ƙarfen nan mai haƙora da ake goge ƙarfe da shi, ya fi shi kabon, yana kai kashi 1 ko fiye, yana kuma yin kaifi matuƙa, sai dai ba shi da haƙurin duka. Wuƙar da za ta riƙa karo da ƙashi tana son ƙarfe mai juriya, shi ya sa na tsaya a sifirin.

Na zaɓi ganye siriri, kaurinsa wajen milimita 6, na goge tsatsar na duba shi da kyau a rana. Sifirin ya yi shekaru yana lanƙwasa yana miƙewa a kan hanyoyinmu, akwai wanda ya tsattsage a ciki ido bai gani ba, musamman kusa da ramin noti da inda ya taɓa karyewa. Daga can nesa da ramin na ce a yanko mini.

Da na kai wa Baba bai ce komai ba sai da ya gwada. Ya datse ɗan guntu da kurfi, ya gasa ya baje shi ya yi siriri, ya sake gasawa ya jefa a ruwa, ya ɗora a kan uwar maƙera ya ba shi bugu ɗaya. Guntun ya karye ƙas, bai lanƙwasa ba. Ya ɗaga ya nuna mini wurin karayar, toka-toka ne sumul, ƙwayoyinsa ba sa ko ganuwa. Ya ce, "Ƙarhen ga shina da kyau." Da lanƙwasawa ya yi, ba ƙarfen wuƙa ba ne. Da kuma wurin karayar ya fito da manyan ƙwayoyi masu ƙyalli, an ba shi wutar da ta wuce kima ke nan. Abin da nake zana wa ɗalibai a allo, shi da bugu ɗaya ya nuna mini shi a tafin hannu.

Maƙerata ƙarama ce, a bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano. Rami ne na haƙa, na tayar da 'yar katangar laka a gefe ɗaya, bututun baƙin ƙarfe ya ratsa ta yana kai iska gindin wuta. Kada wanda zai kwaikwaya ya sa farin bututun ruwa mai rufin zinki, hayaƙinsa idan ya ji wuta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Baba har yanzu zuga-zugin fatar akuya yake amfani da shi, ni kuwa fanka ce da ake juyawa da wilin keke, ɗan ƙanwata ne mai juya mini. A maimakon uwar maƙera, kan wata babbar gudumar fasa dutse na kafa a gungume. Sauran kayan ba su da yawa: guduma mai nauyin kilo 1, awartakin da Baba ya ƙera mini daidai da riƙon falen ƙarfe, kurfi, magagari da bokitin ruwa.

Gawayi shi ne rabin wutar. Na girki da ake sayarwa a leda ba shi da nauyi, sai tartsatsi da toka. Gawayin ƙirya maƙera suke nema tun kaka da kakanni, yana da nauyi, yana riƙe zafi, yana jure zuga. Yanzu ya yi wuya, Baba kullum cikin kukan yadda aka sare ƙirya a dazuzzuka yake, sai an yi sa'a masu kawowa daga ƙauye su zo da buhu. Na farfasa shi ƙanana, kada guda ya wuce inci 1, don ya rufe ƙarfen ta ko'ina. Lokaci ma na zaɓa. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40, zama a gaban wuta a irin wannan yanayi ganganci ne. Cikin hunturu na yi aikin, da sassafe ko bayan la'asar.

Guntun da na fara da shi inci 6 ne a tsawo, faɗinsa inci 1 da kwata. Duk wanda ya saba da rodi, ranar da ya fara bugun sifirin zai ji bambanci a kafaɗarsa, ƙarfen ba ya motsi sai ya yi zafi sosai. Launi shi ne ma'aunin maƙeri. Idan ya kai ruwan goro zuwa ruwan ɗorawa, wato tsakanin digiri 900 da 1,100 na ma'aunin Selsiyos, lokacin bugu ke nan. Kowa ya san da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma abin da Baba ya fi nanata mini shi ne lokacin dainawa. Da launin ya sauko ja mai duhu, a mayar wuta. Bugun sifirin a wannan hali yana haifar da ƙananan tsaga da ba za ka gani ba sai ranar tsomawa, ranar da wuƙar za ta rabe biyu. Haka kuma in aka yi sakaci ya yi fari har yana fitar da tartsatsi daga jikinsa, wurin ya ƙone, babu gyara sai datsewa. Saboda haka idona ba ya barin wutar, kuma nakan ce wa yaron ya sassauta zuga da zarar na ga launin yana haske.

Da wutsiya na fara, wato ɓangaren da zai shiga cikin ɓota. Na ɗora ƙarfen a gefen maƙera na fitar masa da kafaɗu biyu, sannan na ja sauran ya yi siriri har tsawon inci 4. Inda wutsiya ta haɗu da ruwan wuƙa ban bar kusurwa mai kaifi ba, na bar ta a kewaye, domin daga irin wannan kusurwa wuƙa take karyewa idan an matsa mata. Da na gama sai wutsiyar ta zame mini mariƙin awartaki.

Sai tsini. A nan akwai dabara. Idan ka bugi bakin ƙarfen kai tsaye, gefunan biyu suna zarcewa su naɗe su bar rami a tsakiya. Sai ka fara da tura kusurwar ciki, kana bugu a karkace daga ƙarshe zuwa baya, kana juyawa kana daidaita kaurin da ya taru, har tsinin ya fito daga tsakiyar ƙarfen. Bayan nan na rage kaurin gadon baya a hankali, milimita 4 a gindi, yana sirancewa zuwa 2 kusa da tsini. Wannan shi ke sa wuƙa ta yi sauƙi a hannu ba tare da ta rasa ƙarfi ba.

Fitar da baki shi ya fi komai ban sha'awa. Duk bugun da ka yi wa gefen kaifi yana sirantar da shi yana kuma ƙara masa tsawo, gadon baya kuwa yana nan yadda yake, sai ka ga wuƙar tana gantsarewa baya kamar lauje. Maƙera sun san wannan, shi ya sa tun kafin su fara suke lanƙwasa ta gaba, bugun ya dawo da ita daidai. Ni da yake ta fiɗa nake so, kaɗan na lanƙwasa, na bar ta ta ɗan gantsare don ta yi ciki mai kewaye, wanda zai riƙa zamewa tsakanin fata da nama ba tare da tsinin ya huda fatar ba. Bugu nawa na yi a wannan gefe, haka nake yi a wancan, in ba haka ba bakin zai karkace ya bar tsakiya. Idan ta murɗe, a kan gungume nake miƙar da ita da guntun itace, don guduma tana ɓata gadon baya. Kafin kowane bugu nakan kankare baƙin ɓawon da wuta take fitarwa, in an bar shi yana nutsewa cikin ƙarfen ya bar ramuka.

Baba yana gama irin wannan aiki a shiga wuta kaɗan. Hannun ɗan haye ya fi jinkiri, kuma kowace shiga wuta tana cin fatar ƙarfen tana ƙone kabon ɗin da ke sama-sama. Don haka na bar bakin da kaurin milimita 2, yadda magagari zai cire fatar da ta raunana ya iso ga lafiyayyen ƙarfe.

Ƙarfen da ya sha zafi mai yawa ƙwayoyinsa sun yi girma, duka kuma ya bar shi a takure. Maganinsa a gasa shi ya yi ja daidai, a fitar a riƙe a iska har ya yi baƙi, a maimaita sau 3, kowane karo zafin bai kai na baya ba. Daga nan na sake gasawa na binne ta cikin toka mai ɗumi ta kwana, da safe ta yi laushin da magagari zai ci. Na jiƙa ta a ruwan lemun tsami ɓawon ya saki, don ɓawon ya fi haƙoran magagari tauri, yana kashe sabo a yini ɗaya.

Goge-gogen magagari aiki ne na haƙuri, ba abin da zan daɗe a kansa. Na ja layi a tsakiyar baki, na danne wuƙar a kan katako, na yi ta ci daga gefen nan da wancan har bakin ya koma milimita 1. Ba a kai shi kaifi kafin tsomawa, zai yi kwarkwaro ko ya tsage. Na bi da sanfefa na share duk wani zurfin karce da ya gitta bakin.

Ranar tsomawa na roƙi Baba ya zo, ya kuwa zo bayan sallar magariba. Ba a wannan aiki da rana tsaka, hasken rana yana ɓoye launi, ƙarfen da kake gani ja-ja yana iya kasancewa ya wuce kima nesa. Abin da ake nema shi ne zafin da kabon zai narke ya bazu cikin ƙarfen, sannan a sanyaya shi da saurin da kabon ɗin ba zai samu damar komawa mazauninsa ba. Maƙalewar da ya yi ita ce taurin. Na ɗaura maganaɗisun tsohuwar sifika a waya na rataye kusa da wuta. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, irin wannan sifirin kuma yana son wajen 830, wato da ya daina kamawa sai a ɗan ƙara masa kaɗan.

Baba bai ko kalli maganaɗisun ba. Ya sa na kwantar da wuƙar gadon baya a ƙasa, bakin yana sama, tsinin ya zarce tsakiyar wuta don shi ne siriri, shi zai fara ƙonewa. Ina ja da ita gaba da baya, yaron yana zuga a hankali. Can sai ya ce, "Dubi inuwag ga da ta rage. Bari ta hita tukuna." Na duba da kyau, akwai wani duhu-duhu yana yawo cikin jan, yana janyewa daga baki zuwa gadon baya. Na san shi a littafi: lokacin da ƙarfe yake sauya tsarin cikinsa yana shanye zafi, wurin sai ya ɗan dusashe. Ban taɓa ganinsa da idona ba sai daren nan. Da inuwar ta ɓace na kai maganaɗisu, bai kama ba. Idon dattijon da ma'aunin littafi sun faɗa wuri ɗaya.

Man gyaɗa na tanada, wajen lita 2 a dogon gwangwanin ƙarfe, na riga na ɗumama shi da jan ƙarfe har ya kai wajen digiri 50. Mai mai ɗumi ya fi tsinkewa, yana zagaya ƙarfen da sauri, saboda haka ya fi mai sanyi saurin ɗauke zafi. Wasu da baƙin mai suke yi don arha, amma hayaƙinsa cuta ne, kuma wuƙar nama ce. Ruwa kuwa ya yi wa siririn sifirin tsanani, yana tsaga shi. Baba yana tsoma gatari a ruwa, bakin kawai yake sawa, ya fitar ya bar zafin da ya rage a jiki ya sauko ya sassauta taurin, sannan ya tsoma duka. Wannan aikin wanda ya shekara hamsin a gaban wuta ne, ban yi ƙoƙarin kwaikwayonsa ba.

"Yanzu!" in ji Baba.

Na zare ta na soka cikin man, tsini a gaba, a miƙe. Wuta ta tashi a saman gwangwanin, yaron ya yi tsalle ya ce, "Kawu, ta kama!" Murfi yana kusa dama, kuma da wuƙar ta nutse duka harshen wutar ya mutu da kansa. Ba a zuba wa wutar mai ruwa, rufewa ake yi. Na riƙa motsa ta gaba da baya ta fuskar kaifi, ba gefe da gefe ba, don kada ɓangare ɗaya ya riga ɗaya sanyi ta karkace. Bayan ɗan lokaci na fitar tana hayaƙi, na hango tsawonta da ido ɗaya, na matse ta tsakanin falankan ƙarfe biyu har ta huce. Sannan Baba ya ɗauki magagari ya ja a bakin. Bai ci ba, zamewa ya yi yana ƙara siririya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ta sha."

A wannan hali wuƙa ta yi taurin da ba shi da amfani, in ta faɗi a siminti tana iya karyewa, in an bar ta ta kwana ma tana iya tsagewa da kanta. A daren nan ake sassauta ta. Masu tanda mai ma'auni suna sa ta a digiri 200 na awa 2, su maimaita. Ni hanyar launi na bi. Na goge gefe ɗaya da sanfefa ya yi fari, na gasa wani kakkauran ƙarfe ya yi ja, na ɗora gadon bayan wuƙar a kansa, yaron yana haska mini da fitila. Launuka suka fara tasowa daga baya suna gangarowa baki. Ruwan zuma mai haske shi ne farko, wajen digiri 220, sai ruwan ƙasa wajen 250, sai shuɗi wajen 300. Ina son baki ya tsaya a ruwan zuma, gadon baya da kafaɗun wutsiya su kai shuɗi, baki ya riƙe kaifi, baya ya jure lanƙwasa. Tsini yana saurin ɗaukar zafi, don haka nakan ɗaga shi daga kan ƙarfen. Da ruwan zuma ya iso baki na tsoma a ruwa, na goge, na sake yi karo na biyu. Washegari na wasa ɗan wuri na sari busasshen ƙashi da shi. Bakin bai ɓalle ba, bai kuma lanƙwashe ba.

Ɓotar daga gidan Inna ta fito. Akwai tsohuwar taɓaryar ƙirya da ta tsage aka jingine, na roƙa ta ba ni. Itacen da ya yi shekaru yana daka ya gama bushewa, ba zai ƙanƙance ya saki wuƙa ba. Na yanki guntun da bai kai tsawon wutsiyar ba, na huda shi da madoshi mai zafi. Al'ada ita ce a gasa wutsiyar wuƙar a soka ta cikin itacen ta ƙona wa kanta mazauni, sai dai zafin yana iya hawowa ya ɓata taurin da aka sha wuya a kansa. Sai na ƙera wani ƙarfe mai siffar wutsiyar na yi ƙunar da shi, na kankare gawayin da ya rage a ramin. Na sa zoben jan ƙarfe a wuyan ɓotar don kada ta tsage, na zuba gam mai haɗi biyu, na zura wutsiyar ta fito ta baya, na sa wosha na doddoke kanta ya baje. Ban yi ɓotar zagayayya ba, na ɗan matse gefunanta, domin hannun da ya sha kitse ya san inda kaifi yake ba sai an duba ba. Na bi ta da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, na shafe da man kaɗe. Ƙiryar ta fito ja mai duhu, gwanin kyau.

Washi a dutse na yi shi da ruwa, ban kai ta injin wasa ba, don injin yana ƙona siririn baki cikin ƙiftawar ido, sai ka ga shuɗi ya fito, taurin wurin ya tafi ke nan. Na karkata ta wajen digiri 20 a kowane gefe, ina gogawa har na ji ɗan gashin ƙarfe ya juya ɗaya ɓangaren tun daga gindi har tsini, sannan na juya. Na ƙare da jan ta a kan tsohuwar fata har gashin ya fita. Kube kuwa baduku na kai wa. Ya yi cikinsa da kakkaurar fatar saniya, ya rufe da jar fatar akuya jemammiyar bagaruwa, ya sa tsiri tsakanin ɗinkin don kada kaifi ya yanke zaren.

Ba ta jira layya ba. Aka yi suna a maƙwabta, na miƙa wa mahaucin da aka kira na tsaya ina kallo. Ya feɗe ragon, ya fasa, ya rarraba gaɓoɓi, bai nemi dutse ba, sau ɗaya kawai na ga ya ja ta a bayan fata. Da uwargida ta yanka albasar Aliero da ita, ruwan wuƙar ya yi toka-toka da ɗan shuɗi. Ba lalacewa ba ce, wannan launin ma yana rage kamun tsatsa. Abin da na roƙe ta shi ne a wanke a goge nan take, a shafa ɗan mai, kada kuma a bar ta cikin kube da damina.

Mahaucin ya nemi in sayar masa, ya taya da ɗan abin da ya ɗara kuɗin ta kasuwa. Na yi lissafi a zuci, abin da ya taya bai biya man gyaɗa da gawayi da sanfefa ba, balle kube, balle wahala. Da na ba Baba labari, na tambaye shi me ya hana shi yin irinta ya kai kasuwa.

Ya ce, "Malam, wa za ya biya? Mutum shi zo shi taya yuƙa kuɗin hura da nono. In na wuni bisa guda, mi iyalina za su ci?"

Amsar tambayata ke nan. Wuƙar kasuwa daga siririn falanki ake datso ta, a fitar da baki, a sa ɓota, a yi da yawa a yini ɗaya, don mai saye sau ɗaya yake zuwa a shekara kuma mafi arha yake nema. Lauje da gatari kuwa ƙarfe mai kyau ake sa musu, saboda manomi ya san abin da yake saye, zai biya, in kuma bai ji daɗi ba gobe zai dawo da shi. Sanin yana nan a hannun maƙeranmu bai je ko'ina ba. Mu ne muke taya aikinsu da kuɗin da ba zai sayi ƙarfen kirki ba, sannan mu koma gefe muna kushe su, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Na haɗa mahaucin da Baba. Ya sayo guntun sifirin da kansa, ya biya kuɗin yini guda tun kafin a hura wuta. Tsakanin hantsi da isha'i Baba ya gama abin da ya ɗauke ni tsawon hutu. Da muka jera su, tasa ta fi tawa sauƙi a hannu, bakinta kuma ya fito daga guduma kusan a gyare, magagari kaɗan ya taɓa ta. Wasu mahauta biyu sun biyo baya. Wanda yake son irinta ya je da nasa sifirin, ya kuma je tun cikin rani, don da zarar hadari ya fara haɗuwa aikin fartanya da garma yake rufe maƙera, ba mai sauraron maganar wuƙa sai an gama noman farko.